Jirgin Kara a Ƙofar Biro

A ƙofar biron kumandan na Dakoro, wato ofishin Bature mai mulkin garin, wani dogon mutum yana zaune nesa da jama'a, sanye da tsohuwar rigar soja mai kauri duk da zafin rana. Bisa cinyarsa akwai ɗan jirgin sama na karan gero, an manne fikafikansa da ƙaro. Yana tsoma gashin kaza cikin tawada, yana zana baƙin gicciye irin na jiragen yaƙin Jamus a kowane fiffike. Da gani yana cikin waɗanda suka komo daga yaƙin Jamus.

Mutane suna zunɗensa. Na matsa kusa ina murmushi, na ce, "Malam, da gemunka kake wasan yara?"

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Tare aka kwashe mu da ƙanena Attaher, ni kaɗai na komo. Kullum Inna tana tambayata mi ya kashe shi, bakina ya kasa. Na ce ko in nuna mata."

Ya ja gefen rigar ya rufe jirgin kamar wanda aka kama da kayan sata. Ina tsaye a kansa, na rasa inda zan sa idona.