Kawu Isyaku da Idon Zaki

Kawu Isyaku bai taɓa ganin zaki ido da ido ba, duk da cewa daga shagonsa na Gyadi-Gyadi zuwa gidan zu, inda ake ajiye namun daji, tafiyar ƙafa ce. Cewa yake yi shi ba ya zuwa kallon wanda bai gayyace shi ba. Amma hakan bai hana shi zama alƙalin hotunan zakuna ba, kuma ni na jawo wa kaina.

Yayan mahaifiyata ne. Shekara arba'in da 'yan kai yana ɗaukar hoton fasfo a ɗan shago guda, mai farin ƙyalle a bango da kujerar katako da aka ɗaure mata ƙafa da waya. Ma'aikatan Tarauni da yawa da hotonsa suka kama aiki, wasunsu da hotonsa suka yi ritaya. Gajere ne, mai sanyin murya, kuma a iya sanina bai taɓa yabon mutum a gabansa ba. Ko miyar Inna, ƙanwarsa, ta kai yadda ta kai, iyakar abin da zai ce shi ne, "An dai ci." Ina ƙaunarsa ƙwarai, yana kuma ba ni haushi ƙwarai.

Bara, bayan na gama karatu, na samu wata tsohuwar kyamara na shiga ɗaukar tsuntsaye da ƙadangaru a unguwa. Sai wata ƙungiya mai kula da namun daji ta yi sanarwa cewa za ta kai matasa kaɗan horo a gandun daji, kowa ya turo hoto ɗaya na zaki ko damisa cikin mako uku. Na ce wa Inna ba zan tura komai ba sai Kawu ya duba ya ce ya yi.

Inna ta ce, "To, ashe ba za ki tura ba ke nan."

Na je gidan zu na ɗauko hotuna, na wanko goma sha biyu, na kai masa ina jin kaina. Ya sa tabarau, ya jera su a kan benci kamar mai shanya kuɓewa.

"Ina kunnen hagu?" in ji shi.

"Kawu, zaki ne fa. Ba biza zai nema ba."

"Ko ina zai je, da kunne biyu Allah ya halicce shi. Wannan kuma kin yanke masa jela. Wannan hoton wayar keji kika ɗauko, zakin ya zo wucewa ne kawai. Da ƙarfe nawa kika je?"

Na ce da azahar. Ya girgiza kai. Ya ce rana in tana tsakiyar ka, ido rami yake zama, ko na mutum ko na dabba. In je da safe da zarar an buɗe ƙofa. In matsa da bakin kyamara dab da ragar wayar, iya inda masu gadi suka yarda, sai wayar ta narke ta ɓace. Na tattara hotunana na fita ko sallamar kirki ban yi ba. Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Bayan mako guda na dawo da wasu takwas. Waya ta ɓace, haske ya yi laushi, jela da kunnuwa duk sun cika. Kawu ya daɗe yana kallo. Can sai ya nuna mini kujerar katakon.

"Zauna, Safiyyah. Dube ni."

Na zauna, na dube shi.

"Maɓallin rigata kike kallo."

Na ɗaga kai kaɗan, idona ya tsaya a gemunsa, ya ƙi wucewa. Tun ina ƙarama Inna ta koya mini ba a zuba wa babba ido, kuma na koya da kyau.

Ya ɗauko hotunan ɗaya bayan ɗaya. "Duba nan. Gashin ƙirjinsa ya fito tsaf, har a ƙirga. Nan kuma dagi ne. Nan kafaɗa. Idon fa? Duk a dushe. Inda kike kallo, nan kyamara take kallo. Kunyarsa kike ji, 'yar nan. Zaki ba surukinki ba ne."

Dariya ta kufce mini, amma shi bai yi ba. Ya ce wannan abu ya fi komai ba shi wahala a sana'arsa. Mace za ta zo daga Ƙauyen Alu a ɗauke ta, ya ce ta ɗago kai, ta ɗago, ido yana nan a ƙasa. Dole ya kafa ƙusa a bango saman kansa, ya riƙa cewa a dubi ƙusar. Ya nuna mini ita, tana nan har ta yi tsatsa.

"Amma ƙusa ta wanda ake ɗauka ce," in ji shi. "Mai ɗauka ba shi da ƙusa. Ki tsuguna daidai tsayinsa, kamar za ki gaishe shi. Sai dai kada ki sunkuyar da kai."

Safiya biyar na yi ina tsugunne a gaban kejin nan cikin hijabina, masu wucewa suna waiwaye. Zakin ba ruwansa. Barci yake yi, ya juya, ya ba ni baya. Gwiwoyina suka yi tsami, na tsine wa hoto da wanda ya ƙirƙiro shi a zuci. A safiya ta biyar wani hankaka ya sauka kusa da ni. Zakin ya ɗago kai a hankali, idonsa ya wuce hankakan ya sauka a kaina. Ruwan zuma ne idon, kuma babu ko ɗigon kunya a cikinsa. Tsoro ya kama ni, wuyana ya fara lanƙwasawa da kansa kamar yadda ya saba. Na cije, na tsaya, na danna.

Saura kwana ɗaya a rufe karɓa na kai wa Kawu hoton, guda ɗaya tak. Ya riƙe shi nesa, ya matso da shi, ya fita da shi bakin ƙofa wurin haske.

"Simintin nan na ƙasa ya yi yawa," ya ce. "A rage shi."

Shi ke nan. Ya ajiye hoton a benci ya shiga goge kyamararsa. Na ji hawaye yana tahowa, na fara zuge jakata da ƙarfi don ya san na yi fushi.

Ana cikin haka sai ga Hajiya Hadiza daga Darmanawa, wata dattijuwa da ta daɗe tana zuwa wurinsa, ta zo a yi mata hoton sabunta fasfo. Ta zo zama sai idonta ya faɗa kan bencin. Ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"A'uzu billahi. Malam Isyaku, wannan ai kallona yake yi. Daga ina ka samo?"

Kawu bai ɗago ba, bai kuma dubi inda nake ba. Yana ta goge gilashin da ya riga ya goge.

"'Yar ƙanwata ce ta ɗauka," ya ce mata, kamar ba na cikin shagon. "Shekara arba'in ina wannan aiki, Hajiya, ban taɓa ɗaukar irinsa ba."

Sannan ya juyo ya ɓata fuska. "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Rage simintin ki tura kafin su rufe."

A bakin shagon na tsaya na tura ta waya, 'yan adaidaita suna ta yi mini hon. Sau uku ina rubuta sunana ina gogewa, don ba na ganin haruffan sosai.