Ɗebo Wuta a Shekarar Fari

Ranar wata Laraba da la'asar, a bazarar shekarar fari ta saba'in da uku, Inna ta miƙo mini fasasshen kasko ta ce in je in ɗebo wuta. Baba ya dawo daga kasuwar Zakirai da 'yar dawa ƙulle a gefen riga, ƙanena Sani kuwa ya daina ko kuka, yana kwance a tabarma yana kallon jinka. Ashana ta ƙare, murhunmu ya yi sanyi har kaza tana kwanciya a ciki. In ban kawo wuta da ranta ba, dawar nan ba za ta zama kunu ba.

Gidajenmu a warwatse suke cikin gonaki, 'yar siririyar hanya ce ke haɗa su. A shekarar akwai dokar da ba wanda ya faɗa, amma kowa ya santa: ba a neman wuta a gidan da ba a ga hayaƙi ba, don kada a tona asirin mutanen gidan. Na leƙa ta kan darni, hayaƙi ɗaya na hango, can gidan wata tsohuwa bayan itatuwan kuka. Ta zuba mini garwashi biyu a toka, na juyo da gudu. Gudun wuta daban yake. In kin saki ƙafa sosai iska ta cinye garwashin, in kin yi nawa ya mutu a hannunki.

Hanyoyinmu a lokacin cike suke da baƙi daga arewa. Na fara cin karo da wani dattijo mai jan jakin da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa. Yarinya ba ta wuce babba a tsaye, don haka na ci birki zan durƙusa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Tashi, 'yata, na yafe miki gaisuwar. Yi ta kanki!" Har ya janye jakin cikin kunyoyin gona ya ba ni hanya.

A gindin tsamiya wata mata ta kira ni. Tana da goyo, ta kafa duwatsu uku, ta ɗora tukunyar ganye, babu wuta a ƙarƙashi. "Ke mai gudu, kamar an biyo ki! Sam mini ɗaya mana." Na dubi kaskon. Ɗayan ya riga ya fara baƙi, mai ran kuwa shi ta nuna. Na ba ta, ban san dalili ba. Ta ɓallo busasshen kashin shanu ta ɗora a kan nawa, ta hura a hankali har ya kama, ta ce, "Haka muke yi a garinmu. Yanzu ko tafiya kika yi, zai kai."

Ban yarda ba, na ci gaba da gudu. Ya kai. Kafin magariba Sani ya tashi zaune yana shan kunu da ludayi.

Yanzu a birni ina ganin masu gudun motsa jiki da safe, kunnuwa a toshe, hannu babu komai. Ba mai tsayar da su, su ma ba sa duban kowa. Ban taɓa sanin sunan matar nan ta gindin tsamiya ba, ita ma ba ta tambayi 'yar gidan wa nake ba.