Wutsiyar Dokin Orazkhan

Inna Dametken ido ɗaya gare ta. Ɗayan gilashin taga ne ya tsiyaye shi tana yarinya, ranar da sojojin Rasha suka tayar da bam ɗin nukiliya a bayan ƙauyenmu, Sarzhal, nan Kazakhstan. Iskar ta sure ta, ta maka da bango. Ta girma, ta yi aure, ƙasa na ta girgiza a ƙarƙashinmu saboda gwajin bama-bamai. 'Ya'yanta wasu sun zo ba yatsu, wasu ba numfashi, mijin kuwa ya rataye kansa a garke. Orazkhan kaɗai ya tsira mata, ƙato, mai taurin kan tsiya.

Da Rashawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, rediyo ya ishe mu da surutu. Manyan duniya na ta gardamar kwance bama-bamai, wai kada gubar da ta rage a ramukan dutsen Degelen, inda aka riƙa gwada su, ta faɗa hannun miyagu. Waɗanne miyagu? Mazanmu ne yunwa ta kora ciki, suna yanko wayar tagulla su sayar. Na ga masu fitowa da idona, gashi na zuba, dasashi na jini.

Orazkhan ya ce shi ma zai bi su.

Uwar ta ce, "Ka doshi ramin nan, wallahi sai na karya ka."

Ya yi dariya. "Haba Inna, da wane ƙarfin? Je ki haɗa shayinki."

Da safe abokan tafiyar suka taru a ƙofar gidan. Ina tatsar goɗiyata a tsallaken shinge sai ga Inna Dametken da wuƙar yanka. Na ɗauka shi za ta soka. Ina! Dokinsa ta nufa, ta damƙi wutsiyar ta datse. Mu kuwa ba a yanke wutsiyar doki sai mai shi ya mutu. Ta jefa masa ita a ƙafa, ta warware gashin kanta, ta ɓarke da kukan makoki tana kiran sunansa, alhali ga shi tsaye da ransa.

Sai ya haukace. Ya zabga mata bulala a fuska, fata ta tsage daga kunne har haɓa. Ya ƙara mata. Maza suka danne shi, ya fasa wa wani hanci, ya gartsa wa wani cizo. Ita kuwa tana durƙushe, jini na bin ƙirjinta, ba ta fasa kukan ba.

Sarsenbai, jagoran tafiyar, ya tofar da yawu ya ce, "Ba ma shiga rami da gawa. Koma gida, mamaci!"

Suka tafi ba shi. Cikin waɗanda suka hau dawakai ran nan, yau babu ko ɗaya a doron ƙasa. Orazkhan ya bar ƙauyen, ya koma birnin Semey yana tuƙa motar haya, har da 'ya'ya. Ko saƙon gaisuwa bai taɓa aiko mata ba, kuma abin nan yana ƙona min rai har gobe.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita na ce, "Inna, bari in sa a kamo miki ɗan banzan nan."

Ta harare ni da idon nan ɗaya. "Ke dai kin cika shisshigi. Ƙyale shi ya yi ta fushinsa. Duk cikin 'ya'yana, shi kaɗai ya yi tsawon ran da zai ƙi ni."