Kwanciyar Dama

Moto ya kayar da maigidana a Parakou, ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Muka dawo da shi gida Djougou. Likita ta ce a riƙa juya shi, amma ya nace sai dama zai kwanta, yana fuskantar alƙibla. Muka ƙyale shi, don wa zai hana mutum sunna?

Wata safiya ina canja masa zane na ga gyambo a kwankwasonsa na dama, har ya fara wari. Na juya shi hagu, na tokare bayansa da matashi.

Ya ce, "Mayar da ni."

Na ce, "Alhaji, a kabari ma dama za a kwantar da kai. Ni ban shirya ba tukuna."