Ƙibar Baba Ishaya

Wata Asabar a damunar shekarar 2008 Babanmu ya sauko daga acaɓa a ƙofar gidanmu da ke Unguwar Boro, rungume da wani kwali mai faɗi, ya lulluɓe shi da rigar ruwansa, shi kuwa ya jiƙe sharkaf. Ina tsugune ina wanke tukwane, na watsar da soso na bi shi. Sabon allon kwamfuta ne, siriri, faɗinsa ya kusa cinye teburin ɗan shagon da ke jikin gidanmu, inda yake buga katunan biki da takardun sujada. Tsohon allonmu mai ƙaton ƙeya aka sauke ƙasa, Mama ta ɗora masa kwandon albasa.

Shekarata goma sha ɗaya, kuma ni ce mai shisshigin gidan. Na leƙa bayansa ina neman inda hotuna ke ɓuya, na shinshina shi, na taɓa da yatsa na sha ranƙwashi. Da aka kunna sai muka ga abin mamaki: kowa ya yi ƙiba. Amaren da ke kan katunan sun baje, tayar mota a wani hoto ta koma kamar ƙwai. Muka yi ta dariya, Baba ya ce wataƙila haka manyan allo suke.

A lokacin Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune tare da mu, kuma ta kusa daina cin abinci. An tura autanta, Baba Ishaya, aikin soja a Sudan, tun daga nan ko faten da take so sai ta juya cokali ta ture kwano. Ranar Lahadi bayan coci Baba ya buɗe mata hoton da Baba Ishaya ya aiko ta imel. Ta matso da fuska har numfashinta ya dusashe gilashin, ta ga kumatu, ta ga wuya. "Kai! Ashe suna ba shi abinci!" in ji ta. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Ni dai tayar nan ta hana ni sakat. Kullum na dawo makaranta na gama ɗebo ruwa, sai in zauna ina latse-latse, har wata rana na faɗa wani wuri mai lambobi, na zaɓi na ƙasa. Allon ya yi baƙi, ya dawo, taya ta zama taya. Na ƙwala wa Baba kira ina tsalle. Ya yaba mini, sannan ya buɗe hoton ƙanensa, sai murnata ta koma ciki. Mutumin ya rame, kakin ya yi masa yawa, ƙasusuwan wuyansa duk a waje. Baba ya daɗe yana kallo, ya waiga wajen ɗakin Kaka, ya rage murya ya ce, "Rifkatu, kin iya mayar da shi yadda yake?"

Haka na samu sabon aiki a gidan. Ranakun aiki allon na faɗin gaskiya saboda masu katin biki, ranar Lahadi kuwa nakan riga kowa fitowa daga coci, in ruga gida in ƙara wa Baba Ishaya ƙiba kafin Kaka ta iso da sandarta. Tsoro nake ji ƙwarai kada wata rana ta riga ni, amma ba ta taɓa ba.

Da Baba Ishaya ya dawo, Kaka ta rungume shi, ta mammatsa damatsansa, ta ja baya tana ƙare masa kallo. Mu duka muka zuba mata ido. "Wace irin hanya ce wannan," ta ce, "da za ta zuge mutum haka? Ku ɗora tukunya." Tana da ƙarfin da ta tsaya a kan girkin da kanta.

Yau ina aiki a Legas, allon da ke gabana ya fi na Baba faɗi nesa ba kusa ba, kuma ba ya ƙara wa kowa komai. Da shi nake kiran gida. Baba yakan zauna a wannan shagon yana ce mini lafiyarsa ƙalau, ni kuma ina ganin yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na duba ko'ina, ban ga wurin da zan latsa ba.