Gurup Ɗin Malam Lawal Ba Zai Gogu Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe imel na ci karo da saƙon: Malam Lawal ya rasu, jana'iza bayan azahar a Kurfi.

Wallahi na kasa tashi daga kujera.

Ni da shi muke kula da imel ɗin kamfaninmu na sayen hatsi a nan Dutsin-Ma. Shi ya buɗe wani gurup na imel a babbar kwamfutar kamfani, ya sa masa suna Zumunci. Ka tura saƙo ɗaya ya isa ga kowa, daga manaja har masu awo a Wurma. Rasuwa, suna, ɗaurin aure, duk nan ake sanarwa.

Dalilin buɗe shi? Mahaifiyar direbanmu Sale ta rasu a Shema, aka tura sanarwa gurup ɗin manya kawai. Kafin mu ji har an rufe ta, babu ɗan ofis ko ɗaya a sahu. Abin ya yi wa Malam Lawal ciwo ƙwarai. Da kansa ya riƙa bin direbobi da masu gadi yana buɗe musu adireshi, yana saita musu a waya. Ka manta fasuwod sau goma, ba zai ɓata rai ba, sai dai ya tsokane ka.

Kwanan baya hedikwata ta ce a goge Zumunci, wai ba aikin kamfani ba ne. Haba jama'a!

Ganina na ƙarshe da Malam Lawal a asibiti ne, na kai masa maganar. Ya rame sosai, amma sai da ya yi dariya.

"Malam Aminu, ka ce musu ina kwance. In na tashi ma, amsar dai a'a ce."

Bai tashi ba.

Saƙon rasuwar nan ta Zumunci ya shigo, kuma Sale ne ya turo shi. Yanzu haka mutanen Wurma da Kutawa suna hanyar Kurfi.

To, masu umarni, na san kuna karanta ni. Gurup ɗin yana hannuna yanzu, kuma ba zan goge shi ba. Ku ba ni takardar gargaɗi, zan karɓa in na dawo daga maƙabarta.

Allah Ya jiƙan Malam Lawal, Ya yafe masa, Ya sada shi da rahama yadda ya sada mu da juna. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.