Littattafai Uku da Na Ɗauka Daga Teburin Malam Bakari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Bakari, malamin Hausa da muka yi aiki tare a wata sakandare a Jimeta. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan ɗauki biro in ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in tsaya a layin farko. Abin da ke tsayar da ni shi ne ba zan iya yabonsa ba tare da na faɗi abin da na yi masa ba. Bana na yanke shawarar faɗa.

Sunana Rahila, 'yar wajen Numan ce ni, Turanci nake koyarwa, kuma a Rumde nake zaune tun da na fara aiki. Malam Bakari ɗan cikin garin Yola ne, amma a Yolde Pate ya yi gida. Ya girme ni da kusan shekara goma, don haka Hamma nake ce masa, wato yaya, yadda Fulani ke faɗa. Teburi ɗaya muke amfani da shi a ofishin malamai, shi ta wajen taga, ni ta wajen ƙofa. Da Kirsimeti matarsa, Adda Dija, takan aiko min da man shanu a kwalba. Da Sallah a gidansu nake yini.

A cikin duk abin da yake koyarwa, insha'in bayani ya fi so, wato rubutun da ɗalibi zai bayyana yadda ake yin wani abu ko yadda wani abu yake, ba labari ba, ba gardama ba. Yakan ce wa yara su ɗauka mai karatu baƙo ne da ya sauka a tasha yau da safe, bai san kowa ba, kuma ba zai sami damar tambayarsu ba. Gabatarwa ta faɗi abin da za a bayyana, kowane sakin layi ya ɗauki mataki guda, kammalawa ta tattara. Wannan kowane malami na faɗa. Abin da ya bambanta shi shi ne bai yarda da jimla ba sai ya gwada ta. Na taɓa leƙa ajinsa na tarar yana tsaye da kwano da ludayi, yana bin rubutun wata ɗaliba kan yadda ake dama kunun gyaɗa. Ta rubuta a zuba ruwa, sai ya tsaya ya tambayi ajin, ruwan zafi ko na sanyi, kuma ludayi nawa. Ajin na dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Gefen kowane littafin da ya duba cike yake da irin waɗannan tambayoyi da jan biro. Nawa? A ina? Kafin me? Wa ya gani? Na san wannan halin nasa sarai, don ni ma daga wurinsa na koyi duba rubutu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ba ni da uzurin cewa ban san mutumin ba.

Sai shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka gudo daga hare-haren 'yan tayar da ƙayar baya. Wanda ya zauna a Yola da Jimeta lokacin ba sai an tuna masa ba. Gida mai ɗaki uku ya ɗauki mutum talatin. A ƙofar coci ana laluba jaka, a ƙofar masallaci ana laluba riga. Idan ka shiga keke ka ga wani da leda a kan cinya, idonka na kan ledar har ka sauka. Maƙwabcin da ka sani shekara ashirin sai ka fara lura da ƙarfe nawa yake fita, su wa ke zuwa wurinsa. Ƙanena ɗan sanda ne, yana aiki a wajen Mubi, kuma mun yi makonni ba mu ji muryarsa ba. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don a san da wane irin ido nake kallon mutane a lokacin.

Makarantarmu ta karɓi yaran 'yan gudun hijira da yawa. Suna zaune a bayan aji, wasu ba rigar makaranta, kuma ba sa rubuta komai. Malam Bakari ya gaya min ya ba su batun yadda ake noman gyaɗa, suka miƙo masa takarda fara fat. Ya ba su yadda ake saƙa tabarma, haka. Sai ya ce zai gwada ba su abin da suka fi kowa sani, wato hanyar da suka biyo daga garinsu zuwa Yola. Na ce masa ina tsoron ya tayar musu da hankali. Ya ce abin yana cikinsu ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba, gara su koyi jera shi a layi.

Suka kuwa rubuta. Wata ranar Laraba yana aji, ina zaune ni kaɗai a ofis, na jawo littafin da ke saman tarin da yake dubawa. Na wata yarinya ce mai suna Godiya, daga Michika. Ta bayyana ta inda suka hau dutse, ƙauyen da suka sami ruwa, inda suka ratse suka bar kwalta saboda shingen sojoji. A gefe, da jan biro, Malam Bakari ya rubuta: Shinge nawa? Kafin gada ko bayanta? Da rana kawai suke tsayawa? Wa ya nuna muku hanyar dutsen? Na buɗe na biyu, na buɗe na uku, duk haka. A bayan na ukun ma har ya zana 'yar taswira da fensir.

Nan take na fara tuna abubuwan da a da ban ɗauke su komai ba. Ya bar gemu a shekarar. Yakan fita waje ya amsa waya da Fulatanci, yana rage murya. Wani malami ya taɓa raɗa min cewa akwai ɗan ƙanwarsa da ya tafi karatu aka daina jin ɗuriyarsa. Kowanne a cikin waɗannan yana da bayaninsa mai sauƙi, kuma da na tambaye shi da ya ba ni. Ban tambaye shi ba. Na yi kwana biyu ina zaune kusa da shi ina kallon hannunsa, ina auna yadda yake gaishe ni. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na sa littattafan uku a jakata na kai wa firinsifal. Na ce ba zargin kowa nake yi ba, ina so dai ya gani. Ni da shi duka mun san abin da nake nufi.

Ranar Litinin da safe, ana tsaye a filin asambile, mota ta tsaya a bakin get. Jami'an tsaro biyu cikin farin kaya suka kira shi gefe. Ya miƙa wa wani malami allin da ke hannunsa, ya bi su, ɗalibai duka suna kallo.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ba ni ce na fito da shi ba. Godiya ce ta sa kawunta ya raka ta inda ake tsare da shi, ta tafi da littattafan 'yan ajinsu na zangon baya, waɗanda ke ɗauke da irin tambayoyin nan a kan kunu da gyaran kifi da ɗinkin hula. An ce ta tsaya gaban jami'an ta bayyana musu aikin daga ranar da aka ba su shi, mataki bayan mataki, har da taswirar, wadda ya zana don ya nuna wa mai littafin cewa ya sa kogi a inda ba zai yiwu ba. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta yi abin da ni malama na kasa.

Ya dawo ya rame, amma abin da ya same shi bayan dawowar ya fi tsarewar tsawo. Wasu iyaye suka zo suka ce ba sa son 'ya'yansu a ajinsa. Firinsifal ya mayar da shi ɗakin karatu, wai na ɗan lokaci, kuma bai sake riƙe aji ba har ya rasu. A unguwarsu wasu suka rage gaisuwa. Mutane suna cewa ai ba a ɗaukar mutum haka kawai. Ni da na san yadda aka yi aka ɗauke shi, ina jin ana faɗar haka a gabana, na yi shiru.

Tambayar da ta bi ni tun lokacin ita ce ko ya san ni ce. Bai canza min fuska ba ko sau ɗaya. Yakan zo ofis shan shayi, ya zauna a tsohon wurinsa, ya tambayi lafiyar ƙanena, wanda daga baya ya dawo lafiya. Ni kuma sai na koma zargin kirkin nasa. Idan ya gaishe ni da fara'a in ce da biyu ya yi. Wata rana ya same ni ina duba jarrabawa da sauri, ya ɗauki takarda ɗaya da na riga na sa wa maki, ya juya bayanta ya nuna min sakin layi biyu da ban gani ba.

"Malama Rahila," in ji shi, "ki riƙa karantawa har ƙarshe kafin ki yanke."

Ya ajiye takardar ya fita. Na juya wannan maganar a raina fiye da yadda zan iya faɗa. Wani lokaci in ji shawarar malami ce ga malama, wani lokaci in ji hukunci ne ya yanke min. Bayan shekara uku hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu a asibiti da hantsi. Na je gaisuwa na zauna cikin mata kamar kowa.

Yanzu garin ya lafa. An daina laluba jaka a yawancin wurare, kasuwa ta cika, an yi sabbin gine-gine daga Limawa har hanyar Yola. Amma ban ga zargin ya tafi ba, wurin zama kawai ya canza. A aji yanzu waya ce. Ka ba yara insha'in bayani yau, gobe su kawo maka rubutu sumul, babu kuskure ko ɗaya, da kalmomin da ba su iya furtawa ba. Na kai matsayin da duk rubutu mai kyau nake yi wa kallon na sata. Nakan tambayi kaina me Hamma zai yi da wannan zamani. Ina jin ba zai yi faɗa da wayar ba. Zai ba su batun da waya ba ta sani ba, kamar yadda kakarsu ke jeme fata ko ta inda ruwa ke shiga unguwarsu da damina, sannan ya cika gefen takarda da tambayoyi. Kuma na tabbata zai kira ɗalibi ya tambaye shi fuska da fuska kafin ya kai maganarsa ofis. A zangon da ya wuce saura kaɗan in kai wata yarinya gaban firinsifal kan rubutun da na rantse ba nata ba ne. Na zaunar da ita na tambaye ta, ta amsa min kowane layi. Nata ne.

Makon jiya na hau keke na tafi Yolde Pate wurin Adda Dija. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa. Na gaya mata komai, daga ranar Larabar har zuwa ofishin firinsifal. Ba ta katse ni ba. Da na gama na tambaye ta ko ya sani.

"Bai taɓa gaya min sunan kowa ba," in ji ta. "Na tambaye shi har na gaji. Ko ya sani ko bai sani ba, ya tafi da abinsa. Ni dai yau na sani."

Na ce ta yafe min. Ta ce wannan sai ta yi tunani. Amma tunda na ce ina rubutu a jarida, in rubuta yadda aka yi, da sunana, domin har yau akwai gidajen da ba sa son 'ya'yansu su nemi auren 'yarta, kuma ba wanda zai faɗi dalili a fili.

Idan na auna abin da ya rage na Malam Bakari, ina ganin Godiya, wadda yanzu malamar jinya ce, da ɗaruruwan irinta da ke iya yi wa mutum bayani ya fahimta. Ina ganin malamai kamar ni da ke koyar da darasinsa da hanyarsa. Ina kuma ganin tabon da ke kan sunansa, wanda ni na sa, kuma ya fi shi daɗewa a duniya. Ga duk wanda ya rage masa gaisuwa a wancan lokaci, ko yake rage murya idan an ambaci gidansa, ina shaida cewa mutumin nan aikinsa kawai ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Allah ya jiƙansa.

Da na tashi tafiya, Adda Dija ta raka ni. Shekara da shekaru har bakin titi take kai ni, ta tsaya sai na sami abin hawa. Ranar a ƙofar gida ta tsaya, ta ce in gaida yara, ta koma ciki.